Taimako don Allah: saitin Optane da na ajiye ya ƙi hawa kan sauran sabobin

Ɗan_Sabongari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wasu sabobi uku na gwanjo da oga ya sayo mana a wajen aiki, duk Xeon ne ƙarni na biyu masu soket biyu, kuma sun zo da Optane a ciki, wato mimorin Intel da ke iya riƙe bayanai ko an kashe na'ura, irin wanda ake soka shi a ramin ram ɗin nan, 128GB kowane ɗaya. Ta farkon na saita ta App Direct, wato tsarin da ake ajiye bayanai a kan Optane ɗin kamar diski, tana aiki lafiya lau, database ɗinmu ma a kanta yake zaune yanzu. To don kar in ta maimaita aiki ɗaya sai na kwafe saitinta cikin fayil da ipmctl, manhajar saita Optane, na yi

ipmctl dump -destination saiti.csv -system -config

na kwashi fayil ɗin a filashi na kai ta biyu na buga

ipmctl load -source saiti.csv -goal

sai ta ƙi, wai akwai namespace, wato kamar fatishan na diski, a kan modul ɗin. Ta ukun kuma wani korafin daban take yi, kamar ba ta ga abin da fayil ɗin yake nema ba. In ƙara -f ne in tilasta mata? Sannan tambaya ta biyu, wannan fayil ɗin ya isa bakof? wato in ta farkon ta samu matsala in na yi load komai zai dawo? Oga yana ta tambayata ni kuma na ce masa eh amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Injiniya_Zazzau:

Wa alaikumus salam. Malam fara komawa wajen oga ka janye wannan eh ɗin tun kafin a kwana. Buɗe fayil ɗin da cat ka gani da idonka, 'yan layuka ne kawai, lambar soket, lambar kowane modul, girmansa, da yadda aka raba shi tsakanin mimori da App Direct. Ko baiti ɗaya na database ɗinku babu a ciki, kai ko namespace ɗin da ka ƙirƙira ba ya ciki. Kamar takardar awon fili ce, za ta nuna maka inda iyakar kowane fuloti take amma ba ta san kayan da ke cikin ɗaki ba.

Kuma load ba ya canza komai nan take. Abin da yake yi shi ne ya rubuta buƙata, wadda suke kira goal, a wani ɗan waje da aka keɓe a jikin modul ɗin kansa, sai ka yi ribut BIOS ya karanta ya sake yanka region sabo, wato yankin App Direct da ake ƙirƙira namespace a cikinsa. A wannan yankan ne abin da ke ciki yake tafiya. Don haka in ka goge namespace ka yi load a kan ta farkon da sunan maido da bakof, da hannunka ka share database ɗin. Bakof na gaskiya sai ka kwashe shi zuwa wani diski ko wata na'urar daban kamar yadda aka saba.

Ƙin da ta biyun ta yi kuwa gata ta yi maka. Mai ita na da ya bar namespace a ciki. Duba da ndctl list -N, in kun tabbata ba ku buƙatar komai a ciki ka yi umount, ka cire layinsa a fstab, fayil ɗin da ke jera abin da ake mount wajen tashi, don kar ta maƙale wajen tashi, sannan

ndctl disable-namespace all
ndctl destroy-namespace all

Ka kuma duba ipmctl show -goal ko akwai wata tsohuwar buƙata da ba a aiwatar ba, in akwai ipmctl delete -goal. In an sa wa modul ɗin kalmar sirri ita ma a cire ta tukuna. Sai ka sake load. Shi -f tambayar "ka tabbata?" da gargaɗi kawai yake ɗauke maka, ba ya goge namespace, ni ban ma so mutum ya saba da shi a irin wannan aikin.

Ɗan_Sabongari:

Innalillahi, Allah ya saka da alheri Injiniya, wallahi saura kaɗan in gwada a ta farkon don in nuna wa oga yana aiki. Ta biyu ta karɓa yanzu, show -goal yana nuna min layuka goma sha biyu. Ta ukun fa?

Injiniya_Zazzau:

Yi ipmctl show -topology a ta farko da ta uku ka jera su gefe da gefe. Lambobin nan irin 0x0001, 0x0011, 0x0101, 0x1001 ba na ado ba ne, soket da kwantirola da layin da modul yake kai suke nunawa. Wannan ƙarnin layi shida gare shi a kowane soket, Optane ɗaya ake sa wa kowane layi. In fayil ya ce akwai modul a 0x0121 ita kuma ramin babu kowa, ko girman ya bambanta, ba za ta karɓa ba. 'Yan gwanjo sun iya zare ɗaya ko biyu su sayar daban.

Maman_Linux:

Ni fa ban ga dalilin wahalar da kai da dump da load a kan saba uku ba gaskiya. An yi abin ne don masu na'ura ɗari iri ɗaya sak da suke so su watsa saiti ɗaya da sikirif. Tunda App Direct zalla kake so, layi ɗaya ne

ipmctl create -goal PersistentMemoryType=AppDirect

shi zai duba abin da ke cikin na'urar ya tsara da kansa, ko shida ne ko huɗu ba ruwansa da abin da wata saba take da shi. Sharuɗan dai duk ɗaya ne, babu namespace, a yi ribut, bayanai su tafi.

Abin da ba a faɗa maka ba kuma, bayan ribut kar ka je neman /dev/pmem0 ka ga babu hankalinka ya tashi. Region kawai za ka samu. Duba ipmctl show -region da show -memoryresources, shida masu 128 za su ba ka 756 GiB a kowane soket saboda kowanne 126 da ɗoriya yake nunawa, ba cutar ka aka yi ba. Daga nan ndctl create-namespace --mode=fsdax, ka yi masa fomat da xfs ko ext4, ka yi mount da -o dax. Zai ƙara raguwa kaɗan zuwa wajen 744 don akwai abin da kanel yake ajiyewa na lissafin shafuka. In ka manta dax ɗin zai yi aiki amma ta page cache zai riƙa bi, ka ga an yi asarar saurin da aka sayi abin dominsa.

Kuma don Allah ka tabbata inbata ko janareta na tsaye kafin wannan ribut ɗin, allon yana daɗewa baƙi yana gwajin mimori, mutane sai su ɗauka ta mutu su danne maɓalli.

Baffa_IT:

Duk sun faɗi daidai, ni ta wani ɓangaren zan zo. Ɗana ka san Intel ta sanar da rufe harkar Optane tun watan Yulin 2022, bayan Micron da suka ƙirƙiro 3D XPoint tare, wato fasahar da aka gina Optane a kanta, ta janye a 2021 ta sayar da masana'antarta ta Lehi ga Texas Instruments. Shi ya sa kuke samunsa da araha. Naku jerin 100 ne da ya fito a 2019, kuma jerin 200 ba zai hau kan allonku (motherboard) ba, na Xeon ƙarni na uku ne, kar wani ɗan kasuwa ya ce maka ai duk ramin DDR4 ne.

Me ya sa na kawo wannan, App Direct da kuka zaɓa yana saƙa bayanai ne a kan duka modul shida na soket, ɗaya ya mutu region ɗin gaba ɗaya ya tafi. Akwai AppDirectNotInterleaved da ke ba kowanne nasa region, amma sauri zai ragu sosai. In da ni ne, tunda ta ukun da alama ba ta cika ba, sai in bar ta a Memory Mode, inda Optane ke aiki a matsayin ram, don gwaje-gwaje ko ma in zare nata in ajiye a matsayin safaya. Ka dai sani a Memory Mode ba abin da yake zama bayan an kashe, ram ɗin gaske ya koma cache ne kawai, kuma ana so rabon ram da Optane ya faɗa tsakanin 1:4 da 1:16. Sannan ka leƙa BIOS, wasu kamfanonin suna da nasu shafin saita shi a can, in ya saɓa da abin da ipmctl ya rubuta sai ka ga ka yi ribut goal bai hau ba.

In wata rana allon ta farko ya ƙone, ba load za ka yi ba. Ka rubuta wa kowane modul lambar raminsa da alƙalamin maka tun yanzu, ka mayar da su ramuka iri ɗaya a sabon allo, saitin yana jikinsu.

Ɗan_Sabongari:

Na gode Baffa, na gode Hajiya. Ta biyu ta tashi, region biyu 756 kowanne kamar yadda kika ce, har na yi mount. Na buɗe ta ukun kuma maganar Injiniya ce, soket na biyu huɗu ne a ciki ba shida ba, ramuka biyu wayam. Oga ya ce zai kira wanda ya sayar mana. Yau da daddare zan fara kwashe database zuwa wani diskin. Kafin nan, akwai matsala in soket ɗaya na da shida ɗayan huɗu, ko in zare biyu su zama huɗu huɗu?

Maman_Linux:

Duba littafin allon naku, akwai jadawalin jerin da aka yarda da shi da kuma ramukan da za a cika, kar ka yi da ka. Ni dai huɗu huɗu zan yi in jadawalin ya yarda, biyun da ka zare sun zama safayar da Baffa yake magana.