Neman kalma: me za mu kira "taimin" na kamshaf da Hausa?

1/ Assalamu alaikum, malamai da masu gyaran mota. Na zauna zan rubuta bayanin yadda ake mayar da kamshaf, wato sandar da ke tura bawul ya buɗe, mazauninsa a injin tsohuwar mota, sai na cije a kan kalma ɗaya, wato "taimin". Kowa a gareji ya san ta, sai dai abu biyu take ɗauke da su: akwai taimin na wuta, wanda ake gyarawa da murɗa distiributa har filogi ya ba da tartsatsi daidai, akwai kuma na bawul, wanda ba a kai gare shi sai an buɗe gaban inji. Idan aka ce wa yaro mai koyo taimin ya goce, bai san ko ƙusa guda zai sassauta ba, ko kuwa aikin yini ne ya same shi.

2/ Shawarar da ta fara zuwa ita ce "daidaita lokaci", kuma ban yarda da ita ba, domin abin da ake aunawa ba lokaci ba ne. A inji mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, kuranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, yana juyi biyu, digiri 720 ke nan, kafin kamshaf ya kammala juyi ɗaya, shi ya sa haƙoran giyar kamshaf suke ninka na giyar kuranshaf. A tsofaffin injina, ko injin yana juyi 800 a minti ko 5,000, a wuri ɗaya cikin zagayen bawul yake buɗewa, a wuri ɗaya yake rufewa. Daƙiƙun suna canzawa, wurin ba ya motsi. Wanda aka ce wa lokaci zai nemi agogo, alhali faifan digiri yake bukata.

3/ Kalmar da nake kawowa ita ce gaɓa. Bahaushe yana cewa magana ta zo a kan gaɓa, kuma ita ce dai gaɓar da ke jikin rake ko yatsa, wato mahaɗa ce da ake iya nunawa da hannu, kuma sa'a ce da abu ya dace ya faru. Wannan tagwayen ma'anar ake nema a nan. Sai mu ce "gaɓar bawul" da "gaɓar wuta", rikicin farko ya ƙare.

4/ Mu gwada ta a kan aiki. A injin Volkswagen Beetle babu sarƙa, giya ce take cin giya: ɗigo ɗaya a giyar kamshaf, ɗigo biyu a ta kuranshaf, sai a cusa ɗayan tsakanin biyun. Wannan shi ne "sa kamshaf a gaɓa". A injin da ke aiki da sarƙa kuwa, idan muka ɗauka giyar kamshaf tana da haƙora 40, ta kuranshaf 20, kuskuren haƙori guda digiri 9 ne a kamshaf, wato 18 a kuranshaf. Motar tana iya tashi, amma ba ta da ƙarfi, tana tari ta bakin kabureta ko ta salansa, kuma a injin da fistin da bawul suke ratsa fili ɗaya, idan gocewar ta yi yawa sai fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi. A nan sai a ce "ya tsallake gaɓa da haƙori ɗaya", kuma jimlar ta zauna a baki ba tare da an tilasta ta ba.

5/ Inda kalmar ta fi burge ni shi ne aikin masu tsanaki, waɗanda ba sa dogara da ɗigon kamfani a injin da ya sha gyara shekara da shekaru. Sukan ɗaura faifan digiri a hancin kuranshaf, su lanƙwasa waya ta zama manuni, sannan su nemo ƙololuwar fistin ta gaskiya, wato iyakar inda yake kaiwa a sama: a sa abin tare fistin a silinda ta ɗaya, a juya injin a hankali har ya toge, a rubuta digirin, a juya ta ɗaya ɓangaren har ya sake togewa, tsakiyar alƙaluman biyu ita ce ƙololuwa. Daga nan a ɗora agogon awo a kan abin da ke tura bawul ɗin shaƙar iska, a riƙa juyawa ta inda injin yake juyawa kawai, saboda sakin da ke jikin sarƙa yana ɓata awo idan aka koma baya. Masu ƙera kamshaf a Amurka sukan ba da alƙalumansu ne a daidai lokacin da abin ya ɗaga da inci 0.050, kusan milimita 1.27. Idan awon ya saɓa da alƙaluman masu ƙera kamshaf ɗin, a gyara da giya mai ramin makulli fiye da ɗaya. Duk wannan wahalar neman wuri ce, ba neman ƙarfe nawa ba.

6/ Gaba da baya ma sun samu suna. Kamshaf da ya "riga gaɓa" yana rufe bawul ɗin shaƙa da wuri, mota ta sami ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wanda ya "makara" kuwa ƙarfinsa sai injin ya ɗau zafin juyi. Sarƙar da ta tsufa ta miƙe makara take jawowa, ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

7/ Wani malami ya ce gaɓa za ta rikice da mahaɗar ƙarafa a ƙarƙashin mota. Ina ganin ƙorafin, amma tunda kullum da bawul ko wuta take tafe, ban ga inda za a ɓata ba. Shi kamshaf ɗin kansa a bar shi da sunansa, ya riga ya zama ɗan gida kamar bawul da fistin. Ƙulluman da ke jikinsa dai "tozo" ya dace da su. Abin da ya rage mini shi ne ɗan tsakanin nan, a ƙarshen fitar hayaƙi, inda bawul biyun suke a buɗe tare. Na rubuta "haɗin baki" na goge, saboda ya yi kama da makirci. Malamai, me kuka gani?