Karatun littafi a ƙaramar waya mai madannai

Uwargidan Gwammaja:
Salamu alaikum. Babbar wayata ta faɗa bokitin wanki ranar Asabar, yanzu rakani-kashi nake riƙe da ita. Ƙanwata ta turo mini littafin Hausa ta Bluetooth, PDF ne, wayar ta ƙi buɗe shi sam. Saura babi 4 in gama, abin na cin raina. Ya zan yi?

Ɗan Farm Centre:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yawancin irin waɗannan wayoyin ba sa karanta PDF. A mayar miki da shi TXT, wato rubutu zalla, a kwamfuta, a zuba a memori. Duba cikin menu, wasu suna da wurin e-book, wato na karanta littafi. In tsohuwar Nokia ce mai Java, wato tsarin da ke ba da damar saka ƙananan manhajoji, kamar C1-01, ya ma fi sauƙi.

Malamin Firamare:
Ni haka na yi shekara 2 ina karatu. Matsalar ɗaya, ƙ da ɗ da ɓ sukan fito kamar ƙananan akwatuna, sai ki riƙa cankar kalma. A raba littafin gida-gida kuma, in ya yi nauyi wayar sandarewa take.

Uwargidan Gwammaja:
Na gode, Allah ya saka. Gobe zan aiki yaro shagon kwamfuta. Caji kuwa kwana 3 ban nemi wuta ba!