Sawun giwa ya taka na raƙumi: ya dace da ƙidayar dabbobin da suka shuɗe?

Ɗalibar Kimiyya: Malamai, a warware mini. Ina so in buɗe rubutuna kan burbushin halittu da wannan karin magana. Dalilina: tun 1975 masaniyar burbushin halittu Anna Behrensmeyer take bin ƙasusuwan namun daji a gandun dajin Amboseli na Kenya, ta ga na ƙananan dabbobi sun fi saurin ɓacewa. Kuraye su tauna, rana ta farfasa, ruwa ya kwashe. In ƙashi ya zama dutse, mai tono sai ya ɗauka manya sun fi yawa.

Dattijo: 'Yata, asalin maganar kan girma ce. Babba ya sa baki, zancen ƙarami ya kau. Kuma raƙumi ai ba ƙaramar dabba ba ce. Da sawun ɓera aka ce, da na yarda.

Mai Tono: Baba, a gafarce ni, aron ya halatta, amma rabin matsalar kawai ya kama. Ku duba ramukan kwalta na La Brea a Los Anjalas. Kusan kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobi masu shayarwa da aka tono can maciya nama ne, wani irin kyarkeci kaɗai ya haura 4,000. Wane daji ne mafarauta suka fi abin farauta yawa? Dabba ɗaya ta maƙale tana kuka, masu kwaɗayi suka rufo, kwalta ta riƙe su duka. Can tarko aka ƙidaya, girman jiki bai shigo ba.

Ɗalibar Kimiyya: To, Yaya, in koma ga "gani ya kori ji"?

Mai Tono: Wannan ma ya fi haɗari, ƙanwata! Me kika gani? Guntaye 200 na iya zama na dabba ɗaya da ta wargaje. Shi ya sa muke ware ƙashin cinyar hagu, tunda guda ɗaya kowace dabba ke da shi, mu ƙirga mu ce aƙalla dabbobi kaza. Na taɓa raina wani rami, da muka tace ƙasarsa da rariya sai ga haƙoran ɓeraye birjik, waɗanda ido ya tsallake.

Dattijo: Ashe rariya ce ke tono sawun da giwa ta taka. Na sassauta, 'yata. Sa karin maganar giwar, amma ki ambaci kwaltar nan tun a sakin layi na biyu.