Waɗanda aka ƙi karɓar takardun shaidar karatunku bayan ƙaura, ta yaya kuka sake farawa?

Tsohon malamin lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 11 na yi ina koyarwa kafin na koma Jamus da zama, amma ranar da na kai takarduna wani ofishi, ma'aikaciyar ta juya su gaba da baya, ta miƙo mini cikin ladabi, ta ce sai an tantance su. Akwai dokar tarayya ta amincewa da takardun ƙetare tun 2012, sai dai harkar koyarwa a hannun jihohi take, kuma galibinsu suna son malami ya ƙware a darussa biyu, ni kuwa ɗaya gare ni. Yanzu kwalaye nake ɗauka a wani rumbun ajiya. Wanda ya bi ta wannan hanya ya gaya mini gaskiyar abin da ya gani.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Malam. Ni harshe ne ya fi ba ni wuya. Kwas ɗin sababbin zuwa awa 600 ne na Jamusanci da awa 100 kan dokoki da tarihin ƙasa, yana kai mutum matakin iya harshe da ake kira B1, alhali aikin jinya B2 ake nema, wato matakin da ke gaba da shi. Kafin na kai can na yi aikin mataimakiya, ina gyara gado ina kwashe tasa a ƙarƙashin yaran da a da ni zan koya musu allura, kuma ba zan ɓoye ba, na sha kuka a ɗakin canza kaya. Abin da ya cece ni ɗan littafi ne a aljihun rigar aiki. Wata tsohuwa mai jinyar ƙugu ta mai da ni ɗalibarta, duk kalmar da na karya sai ta sa na maimaita sau uku kafin ta yarda ta sha magani. Da kalmominta na ci jarrabawa a karo na biyu.

Ɗan gudun hijira: Ku dai kuna da takardun da za a juya, nawa sun ƙone tare da gida. Daga baya na ji cewa Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda ta shafi amincewa da takardun karatu tsakanin ƙasashe, ta yi tanadi ga 'yan gudun hijirar da ba su da shaida a hannu. An zaunar da ni, masana suka yi mini tambayoyi kan abin da na karanta, aka ba ni takardar da ta bayyana matakin ilimina. Ba digirin ta maido mini ba, amma da ita na samu damar komawa aji ina da shekara 38.

Injiniya a Kanada: Malam, ka yi haƙuri, zan saɓa musu kaɗan. Duk inda na nemi aiki sai a ce ba ni da gogewar aiki a Kanada, bayan shekara uku na haƙura, na koyi gyaran na'urar ɗumama gida. Girman kaina ne ya jinkirta ni, domin na daɗe ina ɓoye wa iyalina irin aikin da nake yi. Yau mutum huɗu ke aiki a hannuna.

Tsohon malamin lissafi: Na gode ƙwarai. 'Yar uwa, kina aiki kika yi karatun B2, ko sai da kika ajiye aikin?