Neman kalma: dajin da ake tatsar ruwan zaƙi a Kanada

Mai Fassara: Salam jama'a, don Allah a taimaka da gaggawa. Gobe da safe za mu naɗi shirin noma a rediyo, an ba ni rahoto daga Kanada in fassara, kalmar sugar bush ta fito kusan ko'ina a ciki. Dajin itatuwan meful ne, itacen nan da ganyensa ke jikin tutarsu, ana huda jikinsa a tari ruwan a dafa har ya yi kauri. Na rubuta "dajin sukari" amma raina bai kwanta ba.

Uwar Biyu: Kana cewa dajin sukari manomi zai ɗauka gonar rake kake nufi, har ya fara tunanin mazarƙwaila. Me zai hana kurmin zuma?

Ɗan Fadama: Hajiya zuma ai sai da ƙudan zuma da amya, nan kuwa babu ko ɗaya. Muna da kalmar ai, maɗi. Maɗin ɗinya ba dafawa ake yi har ya kama jikinsa ba? Aikin kusan ɗaya ne, su ruwan yana fita tsararo kamar ruwan sha, sai an dafa wajen lita 40 kafin a samu lita 1. Ni dai gandun maɗi. Gandu saboda daji ne mai mai shi, ana kula da shi, ba dawa ba ce da kowa ke shiga da gatari, kuma yawanci ba shuka shi aka yi ba, itacen sai ya kai shekara kamar 40 kafin a fara huda shi.

Malamin Nahawu: Duk kun bar hanya. Hausa tana da ma'aunin sunan wuri: makaranta, marina, majema, maƙera. Tunda tatsa ake yi, MATATSA. Matatsar maɗi. Ga kalma ɗaya tak, ta zauna daram.

Uwar Biyu: Allah ya gafarta Malam ni da na ji matatsa ruga na hango da ƙwarya.

Ɗan Fadama: Kuma Malam ba maɗin ake tatsa ba, ruwan ake tatsa, maɗi sai an kai bukkar dahuwa. Ita ma tana da nata sunan daban a wurinsu. Ga shi a rediyo za a ji kamar matata, wani ya zaci matatar mai ake magana.

Malamin Nahawu: Wannan ne ciwonmu wallahi. Bature ya haɗa kalma biyu da ba su da alaƙa ku haddace ku yi ta alfahari, amma a gina kalma da ƙa'idar harshenku sai dariya. Shi ya sa yaranmu ba sa iya jimla ɗaya babu aro. Har "meful" ɗin nan ban yarda da shi ba.

Ɗan Maraɗi: Malam da girmanka, sukari da rediyo da ka saba faɗi daga wane ƙauye suka fito? Kuma ku 'yan Najeriya kullum daga Ingilishi kuke farawa. Fiye da kashi biyu cikin uku na maɗin nan na duniya daga lardin Kebek na Kanada yake fitowa, can kuwa Faransanci ake yi, érablière suke cewa, daga sunan itacen, babu zancen sukari a ciki. Mu garka za mu ce, garkar meful.

Uwar Biyu: Garka kuma? da shinge da rijiya da su yakuwa? Wurin da ake shimfiɗa tiyo daga itace zuwa itace har zuwa tanki, ƙanƙara har gwiwa.

Ɗan Maraɗi: Hajiya Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba.

Malamin Nahawu: A nan kam na goyi bayanka. Amma matatsa ba ta Kano ba ce ba ta Maraɗi ba, ta nahawu ce. Kuma tun kafin Turawa su je, mutanen asalin ƙasar ne suka fara wannan sana'a, su ma da nasu sunan, don haka ba dole mu bi na Ingilishi ko Faransanci ba.

Mai Fassara: Jama'a dare na yi fa. Wata matsalar, rahoton ya ce ruwan ba ya zuba sai dare ya daskare rana kuma ta narke, tsakanin ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, makonni kaɗan ne, in ce kakar maɗi?

Ɗan Fadama: Kakar maɗi ta yi sosai, kowa zai gane. Ka fara da bayani sau ɗaya, "dajin itatuwan meful da ake tatsa a dafa maɗi", daga nan ka ci gaba da gandun maɗi.

Uwar Biyu: Tsorona kada masu sauraro su ɗauka ɗinya ce ke fitowa a Kanada. Amma ya fi dajin sukari dai.

Mai Fassara: To na sa gandun maɗi, da bayanin a farko. Malam na sa "masu tatsa" wajen ma'aikatan, ka ga ba a bar ka hannu rabbana ba.

Malamin Nahawu: Matatsa ake cewa, jam'in matatsi, wannan ma sai na koya maka. Ka karanta gandunka gobe, ni dai a ajina matatsa zan koyar.

Ɗan Maraɗi: Ni har yanzu ban ga laifin garka ba.