Sun sallame ni, kamashona na damina yana hannunsu

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Shekara uku ina yi wa wani kamfani tallan maganin feshi da iri, ina kai wa masu shaguna a Sabon Gari, Giwa da Soba. Ɗan albashi ne da kamasho uku cikin ɗari. Bayan damina kamashona ya kai naira dubu 640, sai manaja ya turo saƙon WhatsApp wai an sallame ni, ko notis babu. Kuɗina kuma wai sai masu shaguna sun gama biyan bashi. Akwai katan 12 na magani a wajena. In sayar in cire haƙƙina?

Baban Amira: Kul! Kana taɓa kayan nan za su kai ka ofishin 'yan sanda da zargin cin amana, mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma. Mayar musu, a sa maka hannu a takarda.

Lauya, Tudun Wada: Malam, tunda ana ba ka albashi, ƙarar ma'aikaci da mai aiki ce, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kaɗai ke da hurumi tun gyaran tsarin mulki na 2010. Tana da reshe a Kaduna. Dokar Ƙwadago, sashe na 11, ta ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar a ba shi notis na mako biyu, ko kuɗinsa. Amma gaskiya wannan ƙarami ne, kamashon ne babba. Me takardarku ta ce: kan abin da ka sayar, ko kan abin da aka biya? Nan maganar take.

Mai tambaya: Barista, babu takarda. Da baki muka yi.

Lauya: Yarjejeniyar baka ma tana ci. Tara alat ɗin kamashon baya, rasit na shaguna da saƙonninku, kar ka goge ko ɗaya. In a baya suna biyanka kafin bashi ya shigo, alat ɗin zai nuna. Fara da wasiƙar lauya mai wa'adi, da yawa a nan suke saukowa.

Maman Khalifa: Kafin kotu a gwada sulhu mana. Ba dattijo a kasuwa da manajan ke jin kunyarsa?

Ɗan Samaru: In kuɗin lauya ne matsala, leƙa Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Kongo, Zariya, suna ba da shawara kyauta. Ka je da wayarka a cike da caji.