Na sayar da lamba taranmu, yanzu unguwa ta juya mini baya, ku ba ni shawara

Mai Ƙungiya daga Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara goma sha ɗaya nake riƙe da ƙungiyar balo ta unguwarmu a nan Damagaram. Da yara takwas muka fara, da balo guda wadda kowane mako sai an kai wa baduku ya ɗinke, a wani fili bayan lakwal inda awaki ke kiwo. Mayo ɗinmu na farko gwanjo na sayo a Kasuwar Dole, launinsu ma bai zo ɗaya ba, uwargidana ce ta ɗinka lambobin da hannu. Sau biyu ana korar mu daga filin nan, sai da na kai maganar wurin mai unguwa. Ruwan sha, kuɗin arbit, wato alƙalin wasa, motar da ke kai mu Mirriya ko Matamaye in an gayyace mu, duk daga ɗan shagona na kayan moto suke fita. Ba don a yaba mini na faɗa ba, don ku san abin da ke raina ne.

Yaron da nake magana a kansa, lamba taranmu mai ci mana ƙwallo, ya zo mini yana shekara goma sha biyu, ba ko takalmi. Allah ya ba shi ƙafa. Dama da hagu duk ɗaya ne a wurinsa, kuma in ya juya da balo babu mai tarar shi. Bara da muka kai final a gasar babban hutu, fiye da rabin ƙwallayenmu shi ya ci. Amma hali! Horo sai ranar da ya ga dama. In ba a ba shi balo ba ya zagi ɗan uwansa gaban jama'a. Akwai ranar da muke da wasa, aka gan shi yana buga wa wata unguwa saboda jika biyu. Sai kuma abin da ya faru tsakaninsa da kocinmu wata Juma'a, wanda ba na son shiga cikinsa.

Ana haka wata ƙungiya ta Yamai ta neme shi, suka ba ni jika ɗari uku, na sallama. Tun tafiyarsa wasa huɗu muka buga, ƙwallo ɗaya muka ci. Fadodin da ke yi mana karo-karo sun janye hannu, in na wuce wurin mai shayi sai a yi shiru. Shekaranjiya mutanen Yamai suka kira ni, wai can ma ya yi rigima, in mayar musu da rabin kuɗinsu in ɗauki abina, ko su sallame shi ya san inda dare ya yi masa. Koci kuma ya rantse in yaron ya dawo shi zai tafi. Saura mako uku a fara gasa. In dawo da shi ko in bar shi?

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, abin da ka yi shi ne daidai, kuma kada ka kuskura ka dawo da shi. Shekara ashirin ina haska balo, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Van Nistelrooy ya ci wa Manchester United ƙwallo 150 cikin shekara biyar, akwai wanda ya kai shi sanin raga a lokacin? Da ya fara ɗaga wa kocinsu Ferguson kai, tsohon ya zaunar da shi a benci ranar final da Wigan, ya sayar wa Real Madrid a 2006. Me ya biyo baya? United ta ɗauki kofin lig na Ingila 2007, 2008, 2009, ga na zakarun Turai a 2008. Duk zamansa a can kofin lig ɗaya suka ɗauka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Masu yi maka shiru wurin mai shayi, ranar da ka ci wasa biyu a jere su za su fara kiranka.

Ɗan Barsa na Zango:
Alhaji, da girmanka, rabin labari ka bayar. Shi Van Nistelrooy ɗin ai yana zuwa Madrid ya fi kowa cin ƙwallo a Sifen, suka ɗauki kofi a 2007. Kuma ka tsallake Eto'o. Ƙwallo 30 ya ci mana a lig a kakar 2008-2009, shi ya fara cin United a final ɗin Roma, amma kocinmu Guardiola ya ce jininsu bai haɗu ba. Aka ba Inter shi, aka ɗora musu miliyoyin yuro a kai, aka karɓo Ibrahimovic wanda shekara ɗaya kacal ya yi mana. A 2010 wa ya fitar da mu a wasan kusa da ƙarshe? Inter. Ranar da aka ba Motta na Inter jan kati a filinmu Camp Nou, Eto'o ɗin da ake cewa ba ya jin magana ya koma baya yana tsaro kamar lamba uku saboda kocinsu Mourinho ya ce ya yi. Har yau in na tuna daren nan raina ɓaci yake. Wani lokacin ba yaron ne matsalar ba, mai riƙonsa ne.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Yaro, Barsa ta ɗauki lig a 2010 da maki 99, ta ɗauki kofin Turai a 2011, duk ba Eto'o. Ka je ka duba. Wasa ɗaya ba ya rushe magana.

Tsohon Gola:
Ni duk wannan lissafin Turai bai dame ni ba. Mai ƙungiya, jika ɗari ukun nan nawa yaron ya samu a ciki? Ina tambaya ne don ni ma an yi mini. Shekara bakwai na tsaya wa wata ƙungiya a raga a garin nan, yatsana biyu suka karye a wasa, wallahi ko kuɗin ɗori ba su ba ni ba, mahaifiyata ce ta sayar da tunkiyarta. Da na yi magana aka ce ba ni da ladabi. Yau kabu-kabu nake yi, in sanyi ya shigo hannun nan ba ya riƙe birki da kyau. Duk sa'ad da na ji shugaba ya ce yaro na da taurin kai, sai na fara tambayar abin da aka hana shi.

Mai Ƙungiya daga Birni:
Yaya, Allah ya ba ka lafiya, amma kada ka haɗa ni da waɗancan. Ko dala ban sa aljihuna ba. Mayo sabbi na saya, da takalma goma sha biyar, da raga, na biya bashin mota na bara. Shi kuma na ba shi kuɗin mota da na guzuri. Shekara bakwai ina ciyar da yaron nan, in za a yi lissafi ai shi ke da bashi.

Malamin Lakwal:
Ɗan uwa, tambayoyi biyu. Ƙungiyarku tana da rajista a lig, kuma yaron yana da lisans da sunanku? Sannan kun rubuta takarda da mutanen Yamai? Dalilin tambayar, a dokar FIFA in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai waɗanda sunansu ke rubuce a takardunsa a FENIFOOT, hukumar balo ta Nijar. Ka tuna Moussa Maâzou, daga AS FAN ta Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara na zagayowa CSKA Mosko ta saye shi. Irin wannan ranar ake yi wa tanadi. In babu takarda, ba sayar da shi ka yi ba, kyauta ka bayar aka ba ka tukwici. Kuma su ma ba su da hujjar cewa ka mayar da rabi.

Mai Ƙungiya daga Birni:
Malam, magana ce ta mutunci muka yi da su a waya, akwai shaida. Maganar rajista kuma ka san yadda ƙungiyoyin unguwa suke. Ba wannan ne ya dame ni yanzu ba.

Ɗan Arsenal na Sabon Gari:
Ni abin nan Aubameyang ya tuna mini. Mutumin da ya ci mana biyu a final ɗin FA da Chelsea a 2020, don ya makara dawowa daga Faransa aka ƙwace masa kyaftin a Disamba 2021, aka bar shi ya tafi Barsa ba ko sisi, kuma ba a sayo kowa a madadinsa ba a wannan kakar. Yana can ya zuba wa Madrid biyu a Bernabeu, mu muna nan muka ƙare na biyar, maki biyu tsakaninmu da Tottenham. Maki biyu! Na sha gori a fadarmu har na yi wata guda ban je ba. Daga nan sai na biyu a 2023, na biyu a 2024, na biyu a 2025, kullum ana cewa da akwai lamba tara. Ka kori mai cin ƙwallo in kana da wani a hannu. Kai wa kake da shi?

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Kai ma da bakinka ka faɗa, daga na takwas da na biyar kuka koma na biyu bayan tafiyarsa. To wa ya yi gaskiya, koci Arteta da ya kore shi ko ku? Ga Napoli nan, Osimhen ya ci musu 26 suka ɗauki kofi a 2023, da rigima ta shiga suka tura shi Galatasaray a 2024, suka sake ɗaukar kofin a 2025 ba shi. Mai ƙungiya, ka ji abin da na gaya maka. Ka riƙe kocinka, ka ɗauko yaro a cikin ƙananan ka ba shi lamba tara, ka ce wa mutanen Yamai ciniki ya faɗa. In mayo ne matsala ko kuɗin arbit, ka zo gidan kallo ka same ni.

Maman Ƴan Biyu:
Ku kuna ta Turai, ni yaron nake tunani. Waɗannan da kuke lissafawa in an kore su gidajensu suke komawa da miliyoyi. Wannan in an sallame shi a Yamai ina zai kwana? Ɗan yayata haka ya bar lakwal yana aji na ƙarshe ya bi wani mutum wai za a kai shi waje, shekara biyu yana kwana a tasha, kunya ta hana shi dawowa, uwarsa har hawan jini ya kama ta. Malam mai ƙungiya, iyayen yaron nan sun san halin da ake ciki? Da yardarsu ya tafi? Ko ba zai sake buga maka ba, ka aika masa kuɗin mota ya dawo gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mai Ƙungiya daga Birni:
Hajiya, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa yayar uwargidana ce, shi ya sa ma abin ya yi mini nauyi, don a gida ma ba a yi mini magana sosai. Amma ni alheri na nufa. Na ga a nan ba zai gyaru ba, na ce ko in ya ga manya zai natsu.

Tsohon Gola:
To ka gani. Ɗanka ne ashe, kuma sai yanzu ka faɗa. Ka gaya mana abin da ya faru ranar Juma'ar. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai Ƙungiya daga Birni:
Koci ya faɗa masa wata magana a kan mahaifinsa gaban yara, shi kuma ya ɗaga hannu. Ban ce koci ya kyauta ba. Amma mutum ne da ya haura hamsin, shekara tara yana horar mini da yara ban taɓa biyan shi ba. In na bar yaro ya mare shi ya zauna lafiya, gobe wa zai ji maganar wani a filin nan?

Ɗan Barsa na Zango:
Subhanallah. A zagi uban maraya gaban mutane, sannan a ce shi ne mai hali? Kocin ya kamata ya fara ba da haƙuri.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Ko me aka gaya masa, ba a ɗaga wa babba hannu. A Damagaram muke. Wannan ma ya ƙara tabbatar da maganata. Ƙanena, kada ka bari su ruɗa ka.

Malamin Lakwal:
Alhaji, a bar mutum ya ji ta kowa. Ni a ganina a tara su wurin limamin unguwa ko mai unguwa, koci ya janye kalmarsa, yaro ya durƙusa ya nemi gafara, sannan a yi maganar balo. Amma ga wata tambaya, shi yaron an tambaye shi ko yana son dawowa?

Mai Ƙungiya daga Birni:
Malam, koci ba zai zauna ba, na san shi. Kuma jika ɗari da hamsin ɗin ba ni da su yanzu, sai dai in taɓa jarin shago, ga damina kasuwa ta yi sanyi. Na gode muku duka. Ni dai har yanzu ina ganin ban yi kuskure ba, duk wanda ke matsayina abin da zai yi ke nan. Yaron ya kira ni sau uku tun la'asar, ban ɗauka ba tukuna don ban san me zan ce masa ba.

Maman Ƴan Biyu:
Ka ɗauka mana, don Allah. Ko cin abinci ya yi ka tambaye shi.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Kada ka ɗauka sai ka gama da mutanen Yamai. In ya ji muryarka ta yi laushi shi ke nan. Ka biyo ta wurina bayan isha mu yi magana.